Jawabi Kan Kududdufin Unguwa Da Masu Sayar Da Ƙwaya



Birnin Kano yana da kududdufai da yawa. Asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Ruwan damina ya cika su, kifi ya samu wurin zama. Mutane kan jefa ƙugiya su kama karfasa da tarwaɗa, a samu na miya.

Amma kududdufin da aka bari ciyawa ta rufe, yakan zama maɓoyar masu sayar da wiwi da ƙwaya. Nan ake lalata samari, har da 'ya'yan mutanen karkara masu zuwa ci rani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen unguwa su taru su share bakin ruwa, su sa fitila. Masu kamun kifi su sa ido. In an ga mai sayarwa, kada a doke shi. A gaya wa mai unguwa, shi kuma ya sanar da hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 don yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Yaron da ya kamu kuwa, asibiti za a kai shi, ba korarsa za a yi ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.