Ciwon Huhu Ga Mace Mai Juna Biyu: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Dabbobi



Jama'a, babu makiyayin da za a koya wa ciwon huhu. Kun san shi a jikin shanu: saniya ta tsaya ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi, kun kuma san yadda yake bin garke a bakin rijiya da kasuwa. Wancan na shanu ba ya kama mutum. Amma mutum ma yana da nasa, kuma wanda zan yi magana a kansa yau shi ne wanda ƙananan ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira birus suke kawowa, wato irin na mura mai tsanani, da korona, da ƙyanda, da ƙarambau. Idan ya sauka a ƙirjin mace mai ciki, rai biyu ne a cikin haɗari.

Me ya sa ya fi tsananta mata? Idan ciki ya tsufa, mahaifa tana tura huhu sama, sai wurin ajiye iska ya ragu, alhali kuwa buƙatar iskar da jikinta ke yi ta ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100, don tana numfashi ne saboda mutum biyu. Ƙarfin jiki na yaƙi da cuta shi ma yakan sauya. Saboda haka murar da za ta kwantar da mijinta kwana uku ya tashi, ita tana iya cika mata huhu da ruwa. Watanni uku na ƙarshe da makonnin farko na jego su ne suka fi haɗari. Ɗan da ke ciki kuwa ba shi da wata iska sai wadda jinin uwarsa ya kai masa. Idan ta ragu, ko zazzaɓi ya yi zafi ya daɗe, sai a ga ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a haifi ɗa ba rai.

Wannan ba sabon abu ba ne. A annobar murar 1918, wani likita a Amurka ya tattara labarin mata masu ciki 1,350 da suka kamu, ya tarar 27 cikin kowane 100 sun rasu, a cikin waɗanda ciwon ya sauka musu a huhu kuwa wajen rabi ne suka rasu. A murar 2009, mata masu ciki a Amurka ba su wuce 1 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne wajen 5 cikin 100 na mamata. Da korona ta zo a 2020, an sake ganin masu ciki sun fi sauran mata shiga halin da sai an sa musu na'urar numfashi, haihuwa kafin lokaci kuma ta ƙaru a cikinsu. Darasin da aka samu a 2009 shi ne, matan da aka fara ba su maganin mura mai suna oseltamivir cikin kwana biyu na farko, kaɗan ne ciwonsu ya tsananta, waɗanda suka makara kuwa su ne suka fi jin jiki.

To, a nan ne maganar ta shafe mu. Mu a ruga kwana biyu ba komai ba ne. Maigida ya tafi da shanu, ko yana kasuwa mai nisa, ba a fita sai da izininsa. Mai cikin fari tana jin kunya, ba za ta ce uffan ba gaban surukai. Sai a jiƙa saiwa, a jira gobe. Daga nan a sayo kafso wurin mai talla, wani ma har ya ɗauko maganin da yake yi wa shanu allura da shi. Ku saurara da kyau: kafso ba ya kashe birus, maganin dabba kuma ba na mutum ba ne, irin su taramaisin suna ɓata haƙoran ɗan da ke ciki. Abin da ke ceton mai wannan ciwo shi ne iskar oksijan, da kulawar likita, da maganin da shi ya zaɓa, kuma ba a samun su a ruga.

Ga alamun da ba a kwana da su: numfashi da sauri har ta kasa ƙarasa magana ba ta tsaya ba, ciwon ƙirji, leɓɓa ko farce su sauya launi, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ruɗewa ko yawan barci, ɗa ya rage motsi, jini ko ruwa ya ɓalle. Ko ɗaya aka gani, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. A hanya a jingina ta zaune, ko ta kwanta ta gefen hagu, a riƙa ba ta ruwa. Don zazzaɓi farasitamol kawai za a ba ta. Idan kun isa, ku fara da gaya wa malamin asibiti cewa tana da ciki, ku roƙa a gwada iskar jininta da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa.

Akwai kuma rigakafi. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata masu ciki a sahun gaba wajen allurar mura. An gwada ta a Bamako ta ƙasar Mali, aka ga ta rage mura ga jarirai da wajen kashi biyu cikin uku a watanninsu huɗu na farko, don kariyar uwa tana wucewa zuwa ga ɗa. Allurar ƙyanda kuwa ba a yi wa mai ciki, sai dai a yi wa yara tun suna ƙanana. Da hunturu, a nisanta mai ciki daga mai tari da yaro mai ƙuraje, a rage mata zama cikin hayaƙin girki.

Roƙona ga maza guda biyu ne. Kafin ka tafi, ka ba da izini a gaban shaidu cewa idan ciwo ya tashi a kai ta asibiti ba sai an jira ka ba. Sannan ka ware akuya ko tunkiya ɗaya ta kuɗin mota, ka kuma san mai babur ko mai motar da za a kira. Ga ƙungiyarmu kuma, a 2006 gwamnatin Nijar ta yi shelar awon ciki kyauta, matar makiyayi kuwa ƴar ƙasa ce kamar kowa. Mu nemi a riƙa kawo ma'aikatan lafiya bakin rijiyoyi da wuraren allurar dabbobi, mu kuma nemi a sa oksijan a asibitocin da ke kusa da burtalolinmu.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa, ya albarkaci dukiyarmu.