LABARIN ƘURUCIYARKA DARASI NE

(Jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman matasa masu sa-kai wajen koyar da ƙananan yara)

'Yan uwa, da labarin kaina zan fara. Ina ɗan shekara biyar, wata safiya mahaifiyarmu ta auna mana kunu ludayi bibbiyu ni da yayana. Nawa a faffaɗan kwano, nasa a dogon kofi. Na ga nasa ya taso har baki, nawa yana can ƙasa, sai na fashe da kuka wai an cuce ni. Aka ce haɗama ce, har na sha ranƙwashi.

Sai da na girma na gane abin da ya faru. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya kasa girman tunanin yaro mataki huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai daga nan zuwa sama. Ya nuna cewa yaron da ke mataki na biyu galibi da ido yake hukunci. In ka juye ruwa daga gajeren kofi zuwa siririn dogo a gabansa, zai ce maka ya ƙaru. Ashe ba haɗama ce ta sa ni kuka ba, hankalina ne bai kai wurin ba. Masu bincike na baya sun gano cewa yara kan fahimci wasu abubuwan tun kafin shekarun da ya yanka, saboda haka lissafin nasa kirdado ne.

To 'yan uwa, da matakan nan kawai na karanto maku, kafin la'asar kun manta. Amma kunun nan zai zauna maku. Shi kansa Piaget 'ya'yansa uku ya zauna yana lura da su yana rubutawa.

Mafi yawanmu an damƙa mana ƙannenmu mu koyar, bulala kuwa ba ta nisa da hannunmu. Yara nawa muka daka a kan abin da shekarunsu ba su kai su gane ba? Wasu daga nan suka tsani karatu.

Saboda haka kafin zama na gaba, kowa ya tuno rana guda da aka hukunta shi yana yaro bai san laifinsa ba. Ya tambayi mahaifiyarsa shekarunsa nawa a lokacin, ya rubuto, mu zo mu auna da waɗannan matakai.