Sitabilaizar baya: me take ƙara wa a-kori-kura, me take rage mata?

 Yau ƙarƙashin mota za mu leƙa. Wani direban a-kori-kura ya turo min tambaya. Ya ce duk sanda ya ɗora tankin ruwa a baya, motar kwantawa gefe take yi a kwana har gabansa ya faɗi. Bakanike ya ce a sa masa sitabilaiza a baya. Ya sa ko ya bari?

To, mu fara da ƙarfen kansa. Sanda ce mai lanƙwasa kamar harafin U. Tsakiyarta a ɗaure take jikin aksil da bushin, bakinta biyu kuma linkej ne ya haɗa su da shasi. Idan tayoyin baya biyu suka hau tudu tare, ba ruwanta. Amma idan ɓangare ɗaya ya danne, ɗaya ya ɗaga, sai ta murɗe tana ƙoƙarin daidaita su. Shi ya sa a kwana take rage kwanciyar nan, musamman in lodi mai tsawo ne.

Sai dai fa kowane allazi da nasa amanu. A hanya mai gargada, ramin da tayar dama ta faɗa, ta hagu ma sai ta ji shi, motar ta riƙa jijjiga ka gefe da gefe. Sannan tana hana taya sauka sosai ta nemi ƙasa. Ni kaina ya faru da ni da damina, a hanyar gona. Na tsallaka kwari a karkace, taya ɗaya ta rataye a sama tana juyawa a banza, wallahi sai da aka tura mu. Saboda wannan matsalar Toyota ta sa tsarin KDSS a wasu Land Cruiser: a kwalta sandunan su riƙe, a daji su saki.

Ga kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Idan sandar baya ta yi kauri da yawa, motar kuma babu lodi, bayanta na iya zamewa a kwana, balle an yi ruwa. Kuma sitabilaiza ba ta ɗaukar nauyi. In bayan motarka ya zauna, sifirin za ka duba.

Don haka malam direba, fara duba shokazoba da sifirin da iskar taya. In lafiyarsu lau, kuma yawancin aikinka a kwalta ne, sa wadda aka yi domin motarka, kada a yanko ta wata a yi maka walda. In kuwa kullum kana hanyar ƙauye, bar ta haka, ka cika tankin fam don kada ruwa ya riƙa kaɗawa, ka rage gudu kafin kwana.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare hanya.