Haƙƙin Maƙwabtaka: Abin da Na Gani a Ƙasar Ƙanƙara



An nemi in yi magana a kan zaman unguwa, ni kuwa zan fara da abin da idona ya gani lokacin da na kai wa ɗana ziyara a birnin Miniyafolis na ƙasar Amurka, ana tsakiyar sanyi. Wata asuba na leƙa waje, sai na hango maƙwabta kowa da shebur, suna kwashe dusar ƙanƙara daga hanyar masu tafiya a ƙasa. Da na tambaya, aka ce doka ce. Mai gida yana da awa 24 bayan ƙanƙara ta daina zuba ya share gabansa, in ya ƙi, hukuma ta sa a share, ta aiko masa da takardar biyan kuɗi. Dalili kuwa, in an tattake ƙanƙarar sai ta daskare ta yi santsi, tsoho ya zame ya karye.

Wanda ke zaune a rukunin gidaje mai ƙungiya sau da yawa ba ya ɗaukar shebur. Yana biyan kuɗin wata-wata, ƙungiyar masu gidaje ta ɗauko 'yan kwangila. Irin wannan zama kashi uku ne. Akwai wanda ya mallaki gida da filinsa, ƙungiya na kula da abin da aka yi tarayya a kai. Akwai kondo, inda mutum ke da sashensa kaɗai, rufi da matakala da harsashi kuwa na kowa ne. Akwai kuma wanda kamfani ne ke da ginin, mazauna suna da hannun jari, kamar yadda ya yawaita a birnin Niyu Yok.

Kada ku ɗauka can ba a sakaci. A watan Yuni na 2021, wani dogon benen kondo ya rufta a garin Surfside na jihar Fulorida, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya yi gargaɗi game da lalacewar ginin, amma aka daɗe ana ja-in-ja a kan kuɗin gyara.

'Yan uwa, mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da damina. Da yawanku kuna zaune a rukunin gidaje a Abuja da Kaduna da Legas. Kwatar da ke ƙofar gidanku, wa kuke jira ya yashe ta? Kuɗin maigadi da na kwashe shara, kuna biya kan lokaci? Kuna halartar taron unguwa, kuna neman a karanta lissafin asusu? Iyayenmu da aikin gayya suka gyara hanya suka yashe rijiya, ba tare da an ci kowa tara ba, don sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.