Ƙarfin Motsa Jiki da Lafiyar Magidanta



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala da ke kama mutum tsakanin shekara 40 da 60, sa'ad da iyali da ofis suka fi bukatarsa. Likitoci suna auna abubuwa biyar: teɓa, watau ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, bugun jini da ya kai 130 bisa 85, yawan sukari a jini kafin karin kumallo, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kitsen nan mai amfani da ke share jijiyoyi. Wanda ya haɗa uku daga cikinsu yana bakin ciwon sukari, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Likita Gerald Reaven na Amurka ya bayyana a 1988 cewa tushensu ɗaya ne, watau jiki ya daina jin sinadarin insulin yadda ya kamata.

Tun da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, 'ya'yan manoma da yawa daga Tsafe da Bungudu suka koma aikin tebur. Uba ya yini yana huɗa, ɗa kuwa daga babur sai kujera, alhali tuwon da suke ci ɗaya ne.

To, wane irin motsi ne ke magani? A 1953 Jeremy Morris ya gano cewa kwandastocin bas na Landan, masu hawa da sauka, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke zaune. Wani bincike kuma na birnin Kofanhegan, da aka buga a 2012, ya nuna cewa tafiya da sauri da sassarfa sun rage haɗarin, amma doguwar tafiya a hankali ba ta rage ba. Dalili kuwa, tsokar da ta yi aiki tuƙuru takan janye sukari daga jini, ta kuma ƙone maiƙo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Ma'aunin yana da sauƙi. In mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, motsinsa matsakaici ne. In kalma biyu ko uku suna sa shi haki, ya kai mai tsanani, kamar mai hawan dutsen Kwatarkwashi.

Sai dai fa a yi hattara. Mai hawan jini, ko mai jin nauyi a ƙirji, ya fara ganin likita. Sauran kuwa su soma da tafiyar minti 30 da sanyin safiya bayan asuba, kwana biyar a mako, suna ƙara sauri sannu a hankali.

Allah ya ƙara lafiya, amin.