Yaron da ke ji da kunne guda

Jawabin malaman lakkol ga taron iyayen yara

Maigari, liman, iyayenmu maza da mata, mun gode da kunka amsa kira.

Cikin ajinmu akwai yaran da anka yi ma aikin kunne tun suna ƙanana, yanzu da kunne guda suke ji. Har mun ji wasu na cewa likita ne ke kashe kunne, su ba su kai nasu ɗa. Wannan magana ce ta tara mu.

Cikin kunne akwai wata ƴar fata kamar ta kalangu, bayanta da ƙasusuwa 3, waɗanda sunka fi ƙanƙanta ga jikin mutum duka. Su ke kai murya ciki. In kunne ya yi watanni yana zubar da mugunya, fatar ta huje, ƙasusuwan su cinye. In an ƙyale, ciwon na iya cin ƙashin bayan kunne ya kai ga ƙwaƙwalwa, ya zama ajali. Likita yana aiki don ya ƙwaƙule ciwon, ya ceci rai. Wani lokaci ji ya dawo, wani lokaci abin da ciwo ya riga ya ci ya tahi ke nan.

Mai kunne guda yana ji, amma bai sanin daga ina murya ta hito, kuma cikin hayaniya magana ɓace mishi take. Sai a ce taurin kai gare shi, a kai mishi bugu. Ga dikte ya samu zero, uba ya hidda shi lakkol. Wannan zalunci ne.

Ga abin da muke roƙo. Ku gaya muna wane kunne ne, mu zaunar da shi gaba, kunne mai lahiya wajen malam. Ku tsaya gabanshi in za ku yi magana. Ku koya mishi duba dama da hagu kahin ya ƙetare hanya, don bai gane ta inda moto ke zuwa. Kada a mare shi. Kada a sa tsinke, gashin kaza ko mai cikin kunne. A yi ma yara rigakahin ƙyanda da sanƙarau, don su ma suna kurumtarwa. Kunnen da ke ruwa, a kai shi likita tun satin farko.

Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Kunne guda ya rage ma yaranga, mu taru mu tsare musu shi.

Allah ya ba mu lahiya.