Taron Shekara-Shekara na Masu Inshorar Lafiya: Yadda Ya Kamata a Shirya Shi, a Kuma Mulke Shi



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne yadda ake shirya babban taron shekara-shekara na masu aikin inshorar lafiya, da yadda ake tafiyar da mulkinsa. Wataƙila wani ya ce ina ruwan ɗalibi da taron manyan 'yan kasuwa. Amsar kuwa tana cikin aljihunmu. Ɗalibin da ya biya kuɗin rajista a yawancin manyan makarantun gwamnati, akwai wani kaso da ya tafi ga shirin inshorar lafiyar ɗalibai, watau TISHIP. Ma'aikacin gwamnatin tarayya kuma, shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, suna cikin shirin. Saboda haka duk inda masu riƙe da wannan kuɗi suka hallara, maganarmu ake yi, ko muna nan ko ba ma nan.

Bari mu fara waiwayawa baya kaɗan. Tun 1962 Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai maganar inshorar lafiya gaban majalisa, amma ba ta sami shiga ba. Sai a 1999 aka kafa Shirin Inshorar Lafiya na Ƙasa da doka mai lamba 35, bai kuwa fara aiki sosai ba sai 2005. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Jihohi suka biyo baya da nasu hukumomi: Kano, alal misali, ta yi dokar hukumarta ta taimakekeniyar lafiya a 2016. Daga nan a watan Mayu na 2022 aka sa hannu kan sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, ta kuma mai da inshorar wajibi a kan kowa. Duk da haka, har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman magani a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa.

To, a wannan fage mutum huɗu ne ke da hannu. Akwai hukuma mai sa ido, ta tarayya da ta jiha. Akwai kamfanonin HMO, waɗanda kuɗi ke bi ta hannunsu. Akwai asibitoci da masu sayar da magani. Na huɗu shi ne mai biya, wanda shi ne kuma majinyaci. Ukun farko suna da ofisoshi da lauyoyi da ƙungiyoyi. Na huɗun kuwa ba shi da kowa sai katin da ke hannunsa. Amfanin taron shekara shi ne a tara huɗun nan a inuwa ɗaya, a yi wa juna hisabi.

Ga misalin abin da rashin irin wannan hisabi ke jawowa. Akwai kuɗin da ake biyan asibiti kowane wata a kan kowane mutum da aka yi wa rajista a can, ko ya zo ko bai zo ba. A shirin ma'aikatan tarayya wannan kuɗi ya tsaya a kan Naira 750 har fiye da shekara goma, alhali kuwa farashin magani yana ta hawa. Sai a 2024 aka fara ƙara shi. A tsawon wannan lokaci asibitoci suna kukan ba a biya su a kan kari, kamfanoni suna kukan kuɗin bai isa ba, majinyaci kuwa ana ce masa maganin ya ƙare, ya tafi kemis ya saya. Taron da ya san aikinsa ba zai bar shekara ta wuce ba tare da an ɗora wannan lissafi a kan tebur ba.

Yanzu sai mu zo ga sharuɗɗan da muke gani su ne ginshiƙan taro nagari.

Na farko, a san mai taron. Ƙungiyar da ke kiran taro lalle ta kasance tana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da amintattu sanannu, da rubutaccen tsarin mulki, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada. Tsarin mulkin ya faɗi wa ke da ikon jefa ƙuri'a, mutum nawa ne za su hallara kafin shawara ta ɗauru, da shekarun da shugaba zai yi a kan kujera. Muna ganin daidai ne kowane kamfani ya sami ƙuri'a ɗaya, babba ne ko ƙarami, domin idan aka auna ƙuri'a da yawan dukiya, manya biyu ko uku za su riƙe akalar kowa.

Na biyu, a raba ayyuka. Kwamitin da ke shirya masauki da abinci da zaure daban, kwamitin da ke zaɓen batutuwa da masu jawabi daban, masu binciken kuɗi kuma daban, daga waje. Wanda ya kashe kuɗi ba shi ne zai binciki kansa ba; yin haka ba wa kura ajiyar nama ne. A karanta rahoton kuɗin taron bara a gaban kowa kafin a karɓi ko sisi na bana.

Na uku, maganar masu ɗaukar nauyi. Taro yana cin kuɗi, kamfanonin magani da bankuna da masu sayar da na'urori kuwa a shirye suke su biya. Ba laifi ba ne a karɓa, amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Maganin abin shi ne a buga sunan kowane mai bayarwa da adadin abin da ya bayar, a ba shi rumfar baje kolinsa a waje, amma kada kuɗinsa ya saya masa mumbari. Mai jawabi kuma ya faɗi wanda yake yi wa aiki kafin ya buɗe baki.

Na huɗu, a tsara ajanda tun da wuri. A nan muna da abin koyi. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya yana zama a Janiba kowane watan Mayu, amma tun watan Janairu kwamitin zartarwa mai wakilai 34 yake zama ya daidaita abubuwan da za a tattauna. A gida ma, Majalisar Lafiya ta Ƙasa, wadda ministan lafiya ke shugabanta tare da kwamishinonin jihohi, ba ta zama sai kwamitin ƙwararru ya fara tace takardun da aka gabatar. Darasin a fili yake: takardar da aka raba wa mutane a bakin ƙofa da safen taro, ba wanda zai iya yi mata tambaya mai ma'ana. A aika da takardu aƙalla wata guda kafin ranar.

Na biyar, a san iyakar abin da ya halatta. Kamfanonin da ke zama a wannan zaure abokan gasar juna ne a kasuwa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta wa 'yan kasuwa su haɗa baki su yanke farashi ko su raba kasuwa a tsakaninsu. Saboda haka ana iya tattauna ingancin aiki, da hanyar kama masu zamba, da saurin biyan asibitoci, amma ba a ƙulla abin da za a caji jama'a a bayan labule. Haka nan dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hau kan duk wanda zai kawo misali daga fayil ɗin majinyaci. Ciwon mutum sirrinsa ne, ba kayan nuni ba ne a majigi.

Na shida, wanda muka fi ba nauyi, a ba mai biya kujera. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gayyaci ƙungiyoyin ƙwadago, da na 'yan fansho, da na 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, da ƙungiyoyin ɗalibai, a ba su lokaci a tsakiyar shiri, ba bayan la'asar ta ranar ƙarshe ba sa'ad da manyan baƙi suka watse. A rage musu kuɗin shiga ko a yafe. A riƙa kewayawa da taron daga shiyya zuwa shiyya, kada ya zama ɗan Legas da Abuja kaɗai. Sa'an nan a fassara sakamakonsa cikin harsunan ƙasa. A nan Arewa akwai masu ɗari-ɗari da kalmar inshora ita kanta saboda dalilan addini, abin da ya sa kalmar taimakekeniya ta fi karɓuwa. Taron da bai zauna da malamai da sarakuna ya saurari wannan damuwa ba, zai yi ta mamakin abin da ya hana mutane shiga.

Na bakwai, a bi sawun shawarwari. Mun saba ganin takardar bayan taro cike da "an yi kira ga gwamnati" da "an jaddada muhimmancin". Irin wannan shi ne taron tsintsiya ba shara. Kowace shawara a rubuta wanda zai aiwatar da ita da ranar da zai gama. Abu na farko a ajandar baɗi kuma ya zama karanta shawarwarin bana ɗaya bayan ɗaya: wannan an yi, wannan ba a yi ba, ga dalili. A kuma nemi kowane kamfani da kowace hukumar jiha su kawo alƙaluma iri ɗaya: mutum nawa suka yi wa rajista, kwana nawa suke ɗauka kafin su biya asibiti, koke nawa suka karɓa, nawa suka warware.

'Yan'uwa, ina namu rabon a cikin wannan? Yawancin waɗanda ke zaune a nan, gobe su ne za a ce su rubuta takardar gayyata, su tsara jerin masu jawabi, su ɗauki bayanin zama. Kada mu raina wannan aiki. Sakataren da ya rubuta abin da aka faɗa daidai, bai goge ƙorafin wakilin 'yan fansho don ya faranta wa shugaba rai ba, ya yi wa ƙasa aikin da mai dogon jawabi bai yi ba. Tun muna makaranta ma muna iya farawa: ƙungiyarmu ta nemi sanin nawa aka tara da sunan lafiyar ɗalibai a bana, wa ke riƙe da shi, da abin da ɗalibi ke da haƙƙin samu idan ya je asibitin makaranta. Wanda ya koyi yin wannan tambaya cikin ladabi da hujja a nan, ba zai ji nauyin yin ta a babban zaure ba.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa amanar jama'a ta fi ƙarfin son zuciyarmu.